Abin Da Eko Ya Gani A Hannuna

Masu karatu, ku matso kusa, yau muryata ba ta da ƙarfi. Na san kuna jiran labarin valiz, wato akwatin lefe, da ɗinkin biki, kuma gaskiya ta wajen ɗinki abin ya ɓullo, amma ba irin wanda kuke so ba. Wanda bai san ni ba, ni ce Hindatu ƴar garin Guci, wadda ake shirin kai wa gidan Mushe Halilu, malamin lekol a Magariya (a wajenmu malamin makarantar boko Mushe ake ce masa), da zarar an gama shigar da gero rumbu. Ni ce kuma ƙanwar Zalika. A garinmu in za a ce "ƙanwar Zalika" sai an ɗan rage murya.

Hannuna na dama ya fara ne a makon da muka kama surfen geron biki. Kun san gidan da babu namiji babba, babu kuɗin kai komai inji. Babanmu ya rasu tun ina goye, daga ni sai Inna. Da safe taɓarya, da rana guga a bakin rijiya, da yamma taɓarya kuma. Da farko nauyi kawai na ji, na ce gajiya ce. Sai na wayi gari awarwarona ya ƙi fita. Daga kafaɗa har yatsu hannun ya cika, launinsa ya yi duhu, wasu ƙananan jijiyoyi suka fito raɗau a saman ƙirjina kamar saiwar ciyawa. Na tsaya gaban ɗan madubin ɗakinmu ina kallo. Na taɓa ganin hannun nan. A jikin Yaya Zalika na gan shi.

Ita ma ana gab da bikinta ne. Ita ma hannun dama. Inna kuwa duk Guci an san hannunta: wanda ya yi targaɗe, wanda wuya ya sage masa, jaririn da ya faɗo daga goyo, wajenta ake kawowa, kuma ko goro ba ta karɓa. Ranar ta ɗora ruwan zafi, ta ɗauko man shanu, ta zaunar da Yaya a tabarma ƙarƙashin dogonyaron tsakar gida. Ta gasa hannun da tsumma, sannan ta shiga murza shi daga wuyan hannu zuwa kafaɗa, da ƙarfi, yadda take yi wa kowa. Yaya tana dariya tana cewa, "Inna a hankali mana, ki rage wa ango abin riƙewa." Da aka gama ta miƙe za ta ɗauko mayafinta a igiya. Taku kaɗan ta yi ta dafe ƙirji.

"Inna, numfashina."

Abin da ta faɗa ke nan. Kafin a samo mai moto, wato ɗan babur, ta cika, rana tsaka, kanta a cinyar Inna.

Gari ya yi ta magana. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce mutanen ɓoye na bakin rijiya ne suka riga ango. Inna ba ta taɓa biye musu ba. Magana ɗaya take maimaitawa duk wanda ya zo gaisuwa, kuma har yau in abin ya taso mata ita take faɗa: "Na gode Allah, a hannuna ta cika, ina cikin yi mata hidima." Da wannan maganar take tashi, da ita take kwana. Ni kuma tun daga ranar ban sake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiyar nan ba. In iska ta kaɗa igiyar shanya nakan ji kamar wani ya miƙe zai ɗauki mayafi.

To ku gaya min, da wane baki zan ce wa matar nan ga hannun ya dawo gidanta? Ga kuma Hajiya, mahaifiyar Halilu, wadda da ƙyar ta yarda da aurenmu, don an kai mata gulmar cewa gidanmu gidan da amarya ba ta kai ranarta ne. Sai na koma cikin dogon hijabi, ina daka da hagu ina cewa wai koyo nake.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da safen ranar da zan je Magariya karɓar ɗinki, na sunkuya zan ɗauki tulu ya suɓuce ya fashe. Inna ba ta kalli tulun ba. Ta zo ta yaye hijabin, ta daɗe tana kallo.

"Tun yaushe?"

"Bai daɗe ba, Inna."

"Wa ya sani?"

"Ba kowa."

"To kada kowa ya sani. Balle mutanen Magariya." Ta sake rufe min hannun da kanta, ta gyara min hijabin a goshi kamar ƙaramar yarinya. "Je ki ki karɓo kayanki. Kafin ki dawo na ɗora ruwa, zan gasa miki shi in murza. Wancan karon na makara ne, na bari ya yi kwanaki. Wannan karon ba zan makara ba."

Na ce to. Wallahi har cikin raina na ji sanyi, don ni ma a lokacin abin da na yarda da shi ke nan.

A shagon Illa tela, bayan labule, na zura rigar kamu. Shadda ce ruwan zuma, an yi mata aiki da zare mai ruwan ƙasa a wuya da bakin hannu, irin wadda na daɗe ina mafarki. Hannun hagu ya shige salin-alin. Na dama ya tsaya a gwiwar hannu ya ce ba inda za shi. Na ja, na ja, har ɗinki ya yi ƙara.

"Amarya lafiya?" in ji Illa daga waje. "Ko tuwon gidan biki ya fara aiki tun yanzu? Awona ba ya ƙarya fa."

Sai wayata ta yi ƙara, saƙon Halilu.

"Gimbiyar Guci ta sauka lafiya? A taimaka wa talaka da hoton riga."

Na rubuta, "Riga ta yi kyau." Na goge. Na rubuta, "Ba komai." Na goge. Ƙarshe na danna vokal don in tura saƙon murya, niyyata in ce masa sai anjima, sai kuka ya riga ni. Ban san me na faɗa a ciki ba, na dai san sunan Yaya ya fito.

Ba a jima ba na ji tsayuwar motonsa a ƙofar shago, alli bai ma goge daga hannun rigarsa ba. Na ɗan ɗaga masa gefen hijabi ya ga yatsuna. Mutumin da kullum bakinsa ba ya rabo da tsokana, yau ko murmushi bai yi ba, sai ya ce:

"Hau mu je asibiti."

"Mushe, mutane fa? Ba a ɗaura ba, a gan ni a bayanka tsakiyar kasuwa?"

"Bakin mutane na san iyakarsa, Hindatu. Wannan ne ban san iyakarsa ba. Hau."

"Inna ta ce kada mutanen Magariya su sani."

"Ni ba mutanen Magariya ba ne yau. Hau don Allah."

Na hau. Kada ku tambaye ni yadda na ji, ban ji komai ba sai nauyin hannuna a cinya.

Likitan da muka fara gani ya duba, ya gwada kaurin hannayen biyu, ya ce sai an yi eko, hoton da ke leƙa cikin jiki. Ni kuwa har ga Allah, kamar kowa a garinmu, na ɗauka eko na masu ciki ne kaɗai. Da muka isa bencin jira kuwa sai na ga ban yi kuskure sosai ba: mata ne jere, kowacce da tulun cikinta a gaba da ɗan katinta a hannu. Ni kaɗai ce budurwa, ga saurayi tsaye a kaina yana ta share gumi. Ina zama na ji murya daga ƙarshen benci.

"Wa nake gani kamar Hindatu?"

Gwaggo Fadi ce, ƙanwar babanmu, ta rako matar ɗanta awo. Matar da in ta ga abu da hantsi, kafin azahar har kurman Guci ya ji.

"Ina wuni, Gwaggo."

"Lafiya lau. A layin eko?" Ta kalli Halilu sama da ƙasa. "Da Mushe?"

"Hannuna ne yake ciwo, Gwaggo."

"Hannu." Ta gyara ɗaurin ɗankwali. "To, Allah ya sawwaƙe. Mu dai a zamaninmu ba a hannu ake ɗaukarsa ba."

Matan bencin suka ƙunshe dariya. Halilu ya buɗe baki, na girgiza masa kai. Kafin a kira sunana na ga Gwaggo ta zaro wayarta daga lalita ta nufi bakin ƙofa.

Ɗakin eko ƙarami ne, an saki labule ya yi duhu-duhu. Likitar mace ce, Madam Amira, doguwa, mai magana a hankali. Ta sa na cire hijabi na kwanta rigingine, na miƙe hannu gefe, na juya fuska. Ta matsa min wani mai mai sanyi da yauƙi kamar miyar kuɓewa, ta ɗauko wani abu kamar kan ludayi mai igiya ta ɗora a fatata.

"Da lafiyayyen za mu fara, don ki gane. Kalli gilashin nan."

Na kalla. Toka-toka ne da baƙi, ban ga komai ba sai da ta nuna min da yatsa wani ɗan baƙin da'ira.

"Wannan jijiya ce, mai mayar da jini wajen zuciya. Duba in na danna."

Ta danna, da'irar ta rufe ruf. Ta saki, ta buɗe. Ta taɓa wani maɓalli sai launi ya cika ta, na'urar kuma ta fara wani sauti, fuuu, fuuu, yana tashi yana sauka tare da numfashina. Tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa sanin akwai iska irin wannan a cikin mutum ba.

Sai ta zagayo hannun dama. Ta fara daga gefen wuya, ta gangaro ƙarƙashin ƙashin wuya, ta shiga hammata, ta bi damtse tana dannawa tana sakewa. A gwiwar hannu da'irar ta rufe. Da ta hau sama kusa da hammata ta danna, da'irar ta tsaya ƙiƙam, cikinta ba baƙi ba, wani abu ne fari-fari ya cika ta. Ta sake dannawa a hankali. Ba ta motsa ba. Ta koma ƙarƙashin ƙashin wuya ta kunna sautin.

Shiru.

Ta gyara kan na'urar, ta ce in ja numfashi. Na ja. Wani ɗan siririn launi ya gifta ta gefe ya ɓace, sauran duk shiru. Irin shirun da tsakar gidanmu ya yi ne ranar nan, bayan Yaya ta faɗi maganarta ta ƙarshe. Na ji kamar ba ni kaɗai ce kwance a gadon ba.

Madam Amira ta goge min man da tsumma, ta jawo kujera.

"Jini ne ya daskare ya yi guda, ya toshe babbar jijiyar. Shi ya sa hannun ya kumbura, jini yana shiga ba ya samun hanyar komawa. An yi miki ƙarin ruwa a hannun kwanan nan?"

"A'a."

"Kina shan ƙwayar tazarar haihuwa?"

"Madam! Ban yi aure ba fa."

"Kowa nake tambaya. Aikin ƙarfi fa, na ɗaga hannu sama?"

"Daka da jan ruwa. Biki ya matso."

Ta gyaɗa kai. "Yana jawo shi, musamman in jinin mutum mai saurin daskarewa ne. Ki kwantar da hankalinki, akwai magani, kuma kin zo da wuri. Yanzu za a yi miki allura mai hana gudan ƙaruwa. Amma ki saurare ni da kunne biyu. Ba daka, ba guga. Ba ƙaho, ba tsaga, don maganin yana tsinka jini. Kuma kada ki bar kowa ya murza hannun nan. Kowa."

"In an murza fa?"

"Gudan yana iya ɓallewa, ya bi jini ya je ya toshe huhu."

"Sai me ya faru?"

"Ƙirji ya riƙe, numfashi ya sarƙe. Wani lokaci kafin a kai mutum asibiti..." Ta tsaya tana kallona. "Me ya faru? Akwai wanda ya taɓa yin irinsa a gidanku?"

Na ba ta labarin Yaya, da tabarma, da man shanu, da mayafi a igiya. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta riƙe hannuna na hagu.

"Ban ga yayarki ba, ba zan rantse a kan abin da ban gani ba. Gudan nan yana ɓallewa ko ba a taɓa shi ba. Mahaifiyarki abin da ta sani ta yi, da zuciya ɗaya. Amma ke, naki na gani da idona. Kada a murza."

Ta so in kwana a asibitin. Na roƙe ta, na ce in budurwa ta kwana a garin saurayinta ba da sanin uwarta ba, ko na warke ban warke ba. Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin gobe da sassafe in dawo da Inna a tura mu Damagaram, in kuma na ji ko ɗan nauyi a ƙirji kada in jira komai.

A cikin motar komawa na zauna a gefen taga na rungume hannuna kamar jariri, duk ramin da muka faɗa sai na saurari numfashina. Saƙonnin Halilu suna ta shigowa.

"Ya jikin? Kina numfashi daidai?"

"Ina yi. Mushe, me zan ce wa Inna? Ta ɗora ruwa tana jirana."

"Ki ce an yi miki allura, allurar ba ta son gashi. Ba ƙarya kika yi sosai ba."

"In ta tambayi dalili?"

"Ki ce haka likita ta ce. Kada ki ambaci huhu. Kada ki ambaci numfashi. Tsohuwar nan ba za ta iya ɗauka ba."

Na haddace maganar kamar hadda, ina ta maimaita ta har muka shiga Guci da la'asar sakaliya. Na manta da wayar Gwaggo, wadda ba ta bin hanyar mota.

Na yi sallama, ba a amsa ba. Inna tana zaune a tabarma ƙarƙashin dogonyaro. Ga tukunya tana tururi a murhu, ga kwano da tsumma, ga ƴar kwalbar man shanu a buɗe. Idanunta sun yi ja.

"Ina ɗinkin?"

Sai a lokacin na tuna na baro shi a shagon Illa.

"Me ya kai ki eko, Hindatu?"

"Hannuna ne, Inna. Likita ne ya ce..."

"Ni za ki gaya wa hannu? Hannu nawa na gyara a garin nan? Wa kika taɓa ji an kai hannu eko?" Muryarta ta karye. "Gwaggonki ta kira ni, ta kira gidan kawunki, yanzu haka maganar tana bakin rijiya. Na binne ɗaya da mutuncinta. Ke kuma da ranki za ki binne ni?"

"Wallahi Inna ban taɓa... Wallahi hannu ne. An yi min allura, an ce allurar ba ta son gashi."

"Wace allura ce ba ta son ruwan zafi? Masu ciki ne ake hana wa gashi, wannan ko yaro ya sani." Ta lakato man shanu ta mutsuka a tafukanta. "In hannu ne, zauna ki miƙo shi in yi miki abin da na iya. In kin hana ni, na san ba hannu ba ne."

Jama'a, gaba kura baya siyaki. In na miƙa, raina. In na hana, mutuncina. In na faɗi gaskiya, na ƙwace wa Inna abu ɗaya tak da ya rage mata na Yaya. Na durƙusa a bakin tabarmar ina kuka ina cewa ta yi haƙuri zuwa gobe, mu je ta ji daga bakin likita. Ba ta saurare ni ba. Ta kamo wuyan hannuna, ta yaye hijabin, ta kafa babban yatsanta a damtsena za ta tura sama.

Ban san lokacin da na fizge na yi baya ba.

"Inna kada ki murza! Gudan jini ne a ciki! In kin murza zai ɓalle ya tafi huhu, numfashina ya..."

Na toshe bakina da hannun hagu, amma magana zarar bunu ce.

Inna ba ta motsa ba. Hannayenta suna nan a sama yadda na bar su, suna ƙyalli da mai. Tukunya tana ta tafasa a bayanta.

"Numfashi," ta ce a hankali.

"Inna, likitar ta ce ba ta da tabbas. Ta ce yana ɓallewa ko ba a taɓa ba, ta ce abin da kika sani kika yi, ta ce ba wanda zai iya rantsewa..."

"Ban tambaye ki ba tukuna."

Sai na gane da bakina na amsa tambayar da ba ta yi ba. Ta sauke hannayen a cinyarta, ta juya tafukan sama tana kallonsu kamar na wani ne aka ba ta ajiya. Ta daɗe a haka. Na fi son ta zage ni, na fi son ta yarda da maganar Gwaggo ta kore ni daga gidan, da wannan kallon.

Sannan ta ɗago. Yaya ƴar fari ce, tunda nake a duniya ban taɓa jin sunanta a bakin Inna ba, ko tana raye ko bayan ranta.

"Hindatu, dubi idona, kada ki tausaya min," ta ce. "Ni na kashe Zalika?"